Tsugunon da Na Yi a Gonar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kai ni inda zan riƙa neman hulata alhali tana kaina, da ranar da na je Gadaka neman zoben surukina. Har yau in na hango mutum tsugune a gefen hanya sai na ji gwiwoyina sun amsa.

Bari in fara da na'urar, don ita ce ta jawo komai. Da na yi ritaya daga ma'aikatar ayyuka sai na zama irin tsofaffin nan da ba su da aiki sai jan kujera daga inuwar safe zuwa inuwar yamma. Tumbi ya fito, jini ya hau. Likita ya ce in riƙa tafiya da ƙafa kullum. Na ce, "Likita, in tafi ina? Mutum da girmansa ya kama zagaye unguwarmu ta Dogo Nini, ba aike ba ziyara, ai sai a ce kurciya aka yi masa." Da ɗana Sadik ya ji labari sai ya aiko mini da na'urar gano ƙarfe daga Abuja. Sanda ce doguwa mai faifai a ƙasa kamar murfin tukunya, kana tafe kana shara ƙasa da ita, in ta ji ƙarfe a binne sai ta yi kuka. Ya ce tsofaffin Turawa da ita suke motsa jiki.

To mu a Potiskum mun san na'urar da ke kuka in ta ji ƙarfe, amma a ƙofar masallacin Juma'a da bakin kasuwa muka san ta. Ranar da na fara fita da tawa filin bayan unguwa, masu ƙwallo suka watse, mai shayi ya kwashe bencinsa, mai unguwa kuma ya tsaya can nesa yana tambayata ko akwai abin da hukuma ta sani wanda su ba su sani ba. Sai da na tono masa murfin kwalbar lemo na miƙa masa a hannu sannan hankalin unguwa ya kwanta.

A hankali na kamu da son abin. Na tara ƙusoshi, da cokula marasa kai, da rabin kwaɗo, da wani tsohon anini mai huji wanda har yau nake nuna wa baƙi ko ba su tambaya ba. Duk a gwangwanin madara nake zuba su (uwargidana Hajiya tana kiran gwangwanin nan gadon yara). Dariya ake yi mini, na sani, amma ni tun da na bar aiki ban sake kwana ina ɗokin gari ya waye ba sai da sandar nan ta shigo gidana. Ina sonta, ba na ɓoyewa.

Inda na yi kuskure shi ne baki. Gaskiyar magana, in na zaga filin nan sau biyu sai in nemi bencin mai shayi in zauna ina haki, in na dawo gida Hajiya ta shafa mini man zafi a gwiwa. Amma a majalisarmu ta bayan la'asar labarin daban yake fita. Can nake cewa tun hantsi nake tafe har la'asar ban zauna ba, kuma yaran yanzu ba su da ƙashi. Na faɗa na maimaita har ni kaina na fara yarda.

Surukin nawa, Alhaji Disa, shi ne mahaifin mijin 'yata Hauwa. Manomi ne a Gadaka, ya girme ni, dogo siriri, ba ya yawan magana. Ranar ɗaurin aure da muka yi musabaha na ji hannunsa kamar ƙotar gatari, kuma wani ya raɗa mini cewa har yanzu da kansa yake riƙe garmar shanu. Na kalli tumbina na kalli nasa cikin da ke manne da baya, wani abu ya tsaya mini a rai. Tun daga nan nake neman ranar da zan nuna masa cewa mu ma na birni ba auduga ba ne.

Ranar kuwa ta kawo kanta. Hauwa ta zo gida bayan an gama roron wake, take ba mu labarin cewa zoben azurfar Alhaji ya sulluɓe a gona. Na mahaifinsa marigayi ne, an nema an rasa, tsoho har abinci ya rage ci. Kafin ta rufe baki na ce, "Wannan ai aikin rabin yini ne. Ki gaya masa ina tafe."

Hajiya ta ajiye tsintsiyar hannunta. "Malam, gonar Alhaji fa ba filin ƙwallon bayan gida ba ce."

"Ke dai ki yi mini addu'a."

"Addu'a zan yi, amma ka ji ni da kyau. In ka tafi da ƙafarka ka dawo da ƙafarka, shi ke nan. In kuwa ɗauko ka aka yi, wallahi sandar nan ta gama fita. Ka koma kujerarka, in huta da shafa man zafi."

Hajiya ba ta rantsuwa a banza, na san haka tun muna da baƙin gashi. Na ce na ji na yarda.

Da yake gidan surukai za ni, na sa farin kaftani. Na cika buta da ruwa, don azahar za ta same ni a gona. Na ɗauki 'yar fartanyar da nake tono da ita. Sannan na ce silifas ɗin roba da na saba fita da su ba su dace da babban aiki ba, na jawo tsohon takalmin aikina daga ƙarƙashin gado, irin mai nauyin nan da muke sawa a wurin gini don kare yatsu. Na goge shi har yana ƙyalli. Ku riƙe takalmin nan a ranku, zai dawo.

Alhaji Disa ya tarbe ni da fura mai sanyi, ya raka ni gona da kansa. Da na ga gonar sai na san na ɗebo ruwan dafa kaina, domin ƙarshenta sai ka kare ido da hannu kafin ka hango. Ya ce zai sa a kawo mini tabarma, a bar mutum ɗaya ya tsaya tare da ni. Na ce a'a, na'urar ba ta son taro, mutane na rikita ta (ƙarya ce, ni ne ba na son a ga hakina). Ya nuna mini wata tsamiya ya ce, "In ka gaji ga inuwa can." Na yi dariya irin ta manya, na ce gajiya ai sai yara. Ya koma can ɗaya gefen inda ake bugun wake.

Na kunna na'ura, na yi bisimilla, na ɗaga ƙafa. Taku ɗaya ta yi kuka. Murna ta kama ni, na ce yau Gadaka za ta san an zo. Na tsugunna na tona, ba komai. Na miƙe, na ƙara taku biyu, ta sake kuka. Na tsugunna na tona, ƙasa ce zalla. Haka muka yi ta yi, ita tana kuka ni ina tsugunawa. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na yanke hukuncin cewa garin Gadaka a kan ma'adini yake zaune, har na fara tsara yadda zan yi wa gwamna bayani a gaban 'yan jarida. Da na waiwaya baya, gonar bawan Allah ta koma kamar gafiyoyi sun yi babban taro a cikinta.

Jiki magayi, in ji masu magana, kuma nawa ya gaya mini tun da wuri. Da farko ina miƙewa haka kawai. Can sai da dafa gwiwa. Can sai da dogara sandar na'ura. Daga baya sai na haɗa da kiran sunan Allah da ƙarfi, gwiwoyin suna ƙara kamar ana karya kara. Tsamiyar nan tana can tana kallona, inuwarta baƙa ƙirin, amma daga inda take masu bugun wake za su gan ni a zaune. Na ce ko zan mutu ba zan je ba.

Rana ta take tsaka lokacin da na iso bakin gona, inda wata 'yar hanyar ƙafa ta ratsa, kusa da wani kurmin sabara. Na'ura ta yi kukan da ya fi na kullum. Na ajiye buta a dama, na tattare kaftani na ɗora a cinya saboda ƙarangiya, na tsugunna a bayan sabarar, na haƙa rami mai kyau a gabana. Ba komai. Cikin haushi na yar da sandar a ƙasa, faifanta ya faɗi daidai kan takalmina, ta ɓarke da ihu ba ƙaƙƙautawa. Na janye ta, ta yi shiru. Na mayar, ta yi ihu. Ni da na yi shekaru ina tilasta wa leburori sa takalmin nan saboda ƙarfen da ke bakinsa, ni ne na yini ina farautar yatsun ƙafata a gonar surukina.

Na kashe na'urar, na ce to, a tashi a san abin yi. Na yunƙura, ba abin da ya motsa. Na sake yunƙurawa, wani abu ya riƙe ni daga ƙugu zuwa idon sawu, gwiwoyi suka kulle kamar an zuba musu siminti. Na gwada komawa da baya in zauna, hannuna ya sauka cikin ƙarangiya, na janye ba shiri. Kuma na san in na kwanta a wurin nan ba mai tashe ni sai an zo da mutane, ga rantsuwar Hajiya tana yi mini amsa-kuwwa a kunne.

Yanzu ku tsaya ku kalle ni yadda mai wucewa zai gan ni. Dattijo ne tsugune a bayan sabara, ya tattare riga, ga buta a damansa, ga sabon rami, ga gumi yana zuba, fuska a murtuke. Ko ni na gani ba zan yi wata fassara ba.

Wasu mata ne suka fara ɓullowa da kayan ƙaiƙayin wake a ka. Na ji sanyi a raina. Ta gaba ta hango ni, ta kau da kai da sauri, ta faɗi wata magana da yarensu na Bolanci, dukkansu suka saki hanya suka yanki daji suna toshe baki da gyale. Bayansu wani mai keke ya taho. Na ce wannan namiji ne, zan iya yi masa magana, sai na yi gyaran murya. Kun dai san abin da gyaran murya ke nufi in ya fito daga bayan sabara. Mutumin ya juya fuska gabas kamar an kira shi daga can. Na ɗaga hannu na ce, "Bawan Allah!"

Bai waiwayo ba ya ce, "Ba komai Baba, ƙarasa a hankali, ban gan ka ba."

Na kunna na'ura na manna ta a takalmi don ihunta ya jawo shi. Da ya ji ƙarar sai ya miƙe tsaye a kan feda, ban taɓa ganin keke ya yi irin wannan gudun a cikin yashi ba. Wani Bafulatani ma da ya zo da shanunsa, sai da ya kewaya da garken gaba ɗaya don ya ba ni wuri. Saniya guda ce kawai ta rasa tarbiyya, ta tsaya tana tuƙa tana kallona ido cikin ido. A rayuwata ban taɓa jin haushin kunya da ladabin mutanenmu ba sai ran nan.

Ashe matan nan sun kai labari wurin bugun wake, cewa baƙon Potiskum yana bayan sabara tun ɗazu, da alama furar ba ta karɓe shi ba. Can sai na hango Alhaji Disa tafe shi kaɗai da kwanon jiƙo a hannu. Ya tsaya nesa, ya juya mini baya, ya yi tari. Ya jira, ya sake tari.

"Malam, lafiya dai?"

"Lafiya lau Alhaji, aiki nake."

Ya ce, "To, Allah ya kawo sauƙi."

A nan girman kai ya ƙare mini. Na ce, "Alhaji, don Allah matso. Ba abin da kake zato ba ne."

Ya taho a karkace yana kallon sama, har sai da ya saci kallo ya ga wandona a ɗaure. To suruki ba ya tsayawa ƙiƙam a kan surukinsa yana tsugune, ba a yin haka. Sai ya ajiye kwano, ya tattare rigarsa, ya tsugunna a gabana, ramin yana tsakaninmu. Kuma da yake an tsugunna, sai gaisuwa ta zo da kanta.

"Sannu da aiki, Malam. Ina gajiya?"

Ni kuwa, da ƙafafuna suka daɗe da mutuwa, na buɗe baki na ce, "Ba gajiya."

Sai da muka gaisa har iyali da rana sannan na sunkuyar da kai na gaya masa komai, da takalmi, da ramuka, da gwiwa, har da rantsuwar Hajiya. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya miƙo hannun nan nasa mai kama da ƙota ya ce, "Kama nan." Na kama. Ya yunƙura, na ji wani ƙas daga wajensa. Ya tsaya cak. Ya sake yunƙurawa, jijiyar wuyansa ta fito, bai ɗaga ko taƙi ɗaya ba.

"Malam," in ji shi a hankali, "nawa gwiwan ma ya ƙi."

"Alhaji, kai da kake riƙe garma?"

"Wane garma? Rabona da shi tun kafin a haifi mijin Hauwa. Salla ma a kujera nake yi, duk Gadaka an sani. Kunyanka ne ya sa na tsugunna."

Muka kalli juna, hannu cikin hannu. Na ja shi, ya rinjayo kaina. Ya ja ni, na rinjaya kansa. Muka yi ta kai da komo kamar masu yankan katako da zarto, ba wanda ya tashi. Ban san wanda ya fara ba, sai dai muka tsinci kanmu muna dariya har hawaye, mutumin da ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Wani mai jaki ya zo wucewa, ya ga dattawa biyu tsugune a bayan sabara ɗaya, riƙe da hannun juna suna ƙyaƙyatawa, ya yi salati ya juya da jakinsa.

Da amalanken shanu ya taho ɗauke da buhunan wake, Alhaji bai tsaya gyaran murya ba. Ya ƙwala kira da Bolanci da muryar da na tabbata an ji ta har can garin Fika. Ƙarti biyu suka sauko suka ɗauke mu ɗaya bayan ɗaya, a naɗe yadda muke, kamar tuluna, suka jera mu a kan buhuna. Haka muka shiga gari, ni rungume da na'ura da buta, shi yana ɗaga wa mutane hannu kamar dama haka ya tsara.

Kafin motar da ta kawo ni ta shigo Potiskum, labari ya riga ni ta waya. Hajiya tana tsaye a zaure. Ta miƙo hannu, na miƙa mata sanda, ta tura ta ƙarƙashin gadonta. Na koma kujerata. A majalisa kuwa da na iso sai wani ya yi gyaran murya, sauran su kau da kai, su fashe da dariya. Wannan bai dame ni ba kamar safiya. Gari ya waye, in yi salla, in zauna, ba inda za ni. Na yi baƙin ciki sosai, kuma ba wanda zan ɗora wa laifi.

Ana nan sai ga sallama wata safiya. Alhaji Disa ne da kansa, ɗauke da ƙananan kujeru biyu na katako da wata fartanya mai doguwar ƙota. Bayan gaisuwa ya ce a kira masa Hajiya. Ta zo ta rakuɓe a bakin ƙofa.

"Hajiya, zobe dai har yanzu bai fito ba," in ji shi. "Roƙo na zo. A ba ni aron Malam da sandansa, rana ɗaya a mako. Ni zan tona a tsaye, shi ya riƙe sanda. Wanda ya tsugunna a cikinmu, ki hukunta shi."

Rantsuwa rantsuwa ce, amma wa zai mayar da suruki da ya taso tun daga Gadaka? Hajiya ta yi azumin kaffara, ta fito da sanda, ta kuma ɗauki takalmin aikina ta ba mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, a gabana.

Tun daga nan duk mako ina Gadaka da silifas ɗin roba. Mu yi layi ɗaya mu zauna, mu sha ruwa, mu yi layi na biyu mu nufi tsamiya. Hutunmu ya fi aikinmu yawa, amma yanzu ina kaiwa tsakiyar gonar ban yi haki ba, likita ma ya ce jinin ya fara jin magana. Mun tono bakin garma, da ƙararrawar akuya, da ƙusoshi cike da wani sabon gwangwani.

Kwanan baya muna zaune a gindin tsamiyar, na jingina sandar ban kashe ta ba. Ta zame, faifanta ya taɓa aljihun rigar Alhaji, ta ƙwala irin siririn kukan da take yi in ta ji azurfa. Ya dafe aljihun da sauri. Ya kalle ni, na kalle shi. (Daga baya Hauwa ta gaya wa uwarta cewa tun makon da aka ɗauko mu a amalanke aka tsinci zoben a cikin buhun wake, tsoho ya hana kowa faɗa.) Na dubi silifas ɗin robar da ke ƙafata na ce, "Kada ka damu Alhaji, takalmina ne."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Na yi zaton haka. Mako mai zuwa sai mu gwada ta wajen sabara."

Abin da na koya bai da yawa. In tsufa ya zo, ka huta tun ana ganin hutu ne, kada ka bari sai an zaci wani abu. Kafin ka tsugunna ka san wanda zai tashe ka, ka kuma tabbata ba sa'anka ba ne. In kuwa dole sai ka tsugunna, don girman Allah ka ajiye butar nesa.